Geron da Aka Kai Yamma

Akwai wani mutum, manomi, a wata ƙasa inda gero ne abinci, gero ne kuma abin alfahari. Gonarsa ta gado ce, jigawa mai laushi, duk ƙauyen kuwa an san ba wanda ya kai shi adana iri. Idan kaka ta yi, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, shi da matarsa Tanoma sukan zaɓi zangarniyar da ta fi tsawo da cika, su ɗaure ta dabam, su rataye a saman murhu inda hayaƙi zai hana ƙwari kusantarta. Wannan geron ba a taɓa shi. Ko baƙo ya sauka, ko biki ya taso, ko rumbu ya yi ƙasa, ba a taɓa shi. Haka ya ga ubansa yana yi, uban kuma ya sha gaya masa cewa wanda ya ci iri ya cinye baɗi tun ba ta zo ba.

Maganar tsohon gaskiya ce, kada kowa ya ƙaryata shi. Sau da yawa in ruwan shuka ya sauka, maƙwabta masu sakaci sukan zo ƙofar manomin nan da ƙwarya a hannu suna sosa ƙeya. Shi kuwa ya ɗiba musu, ya bi su da faɗa har bakin zaure. In za a faɗi gaskiya, ya fi jin daɗin faɗan a kan kyautar.

Ana nan sai sama ta rufe bakinta. Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba, wadda ta biyo bayanta ma haka. Rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka yi ta faɗuwa. Aka cinye abin da ke rumbu, aka ci dusa, har mata suka koma tonon gidan tururuwa suna ƙwace ɗan hatsin da ta tara. Sai mutane suka fara maganar yamma. Fatake sun daɗe suna ba da labarin wata ƙasa can bayan babban kogi, inda ruwa ba ya ɗaukewa, inda in ka kafa sanda a ƙasa ka manta da ita, sai ka dawo ka tarar ta yi ganye.

Manomin ya sha cewa shi da gonar ubansa sai mutuwa. Amma in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Da ya ga wuyan Tanoma ya zama kamar kara, sai ya ce mata su haɗa kaya su bi ayarin mutanen ƙauyen. Su biyu ne kaɗai a gidan. 'Ya'yansu mata suna gidajen aure a nesa, namijin da Allah ya ba su kuwa ya koma tun yana goye.

Ya sauko da sauran irin da bai yarda ya zuba wa busasshiyar ƙasa ba. Tanoma ta sussuke shi, ta gauraya da toka, suka ɗura a burgami na fatar akuya. Ba shi da yawa, bai wuce na shuka ƙaramar gona ba. Manomin ya ɗaure bakin burgamin tamau, ya rataya a wuya, ya rufe da riga. Tabarma da tukunya da fartanya aka ɗora wa jaki. Kafin su fita, Tanoma ta share tsakar gida, ta saki asabari a ƙofar ɗakinta, kamar mai zuwa kasuwa ta dawo.

Suka kama hanya. Da safe rana tana bayansu, da la'asar tana cikin idonsu, kowace rana haka. Ƙafafu suka yi faso, ƙaya ta shiga fason. Garuruwan da ke kan hanya sun gaji da ganin mayunwata, saboda haka wani wurin a bar su su sha ruwa, wani wurin a sa samari da sanduna a bakin rijiya. Guzuri ya ƙare. Manomin ya ba da jakinsa a wani gari, aka ba shi ɗan abin da suka ci na 'yan kwanaki, kayan suka koma ka. Daga nan sai goruba da aduwa da ganyen kuka, da duk saiwar da wani ya ce ya taɓa ganin an ci.

Ɗaya bayan ɗaya, sauran magidanta suka kwance nasu irin, aka niƙa, aka dama wa yara da tsofaffi. Manomin yana kallonsu yana girgiza kai. Ya ce, "Ku ci, ku ƙoshi. Amma ran da muka isa, kada in ga ƙwaryar kowa a ƙofata."

Suka ci gaba da niƙansu. Mai yunwa ba shi da ƙarfin gardama.

Sai Tanoma ta kamu da ciwon ciki. Ruwan kududdufi ne ko aduwa ce, ba wanda ya sani. Duk abin da ta haɗiya ba ya zama. Da fari tana dogara sanda, shi kuma ya haɗa kayanta da nasa. Da sandar ta gagara, sai ya raba kayan ga masu sauran ƙarfi, ya goya matarsa. Kada ku ce mutumin nan ba ya ƙaunarta. Ya goya ta a rairayi, ya goya ta a kan duwatsu, in suka tsaya shi ne mai yi mata fifita da bakin rigarsa. Da za a ce ya yanke hannunsa ta warke, da ya yanke.

Wata rana da tsakar rana ayarin ya yada zango a gindin wata babbar tsamiya, kusa da wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗi. Manomin ya kwantar da matarsa a inuwa. Ta daɗe tana kallon 'ya'yan tsamiyar da ke reto a sama, sa'an nan ta yi magana a hankali.

"Maigida, ka ga tsamiya. Da da ɗan gero, da na sha kunu. Ina ji shi kaɗai cikin nan zai riƙe."

Tun da suka bar gida ba ta roƙe shi kome ba sai yau.

Akwai wata tsohuwa a ayarin, gwauruwa, wadda nata irin ya daɗe da ƙarewa a cikin jikokinta. Ta ji maganar, ta matso.

Ta ce, "Kai mijin Tanoma, kowa ya san abin da ke wuyanka. Kawo ko tafi biyu ne. Ga fa in niƙa, ga tsamiya, ga tukunya. Kafin inuwar nan ta juya ta sha."

Manomin ya ciro burgamin. Ya sa haƙori ya sassauta ƙullin, bakin ya buɗe kaɗan. Ƙanshin toka da hayaƙin murhunsu ya buge shi, sai ya ji kamar yana tsaye a tsakar gidansa. Zuciyarsa ta shiga kai da kawo. In ya ɗiba yau, gobe ma sai ya ɗiba, don bakin da aka buɗe sau ɗaya ba ya rufuwa. In ya isa yamma hannu wofi fa? Shi da ake zuwa ƙofarsa, shi ne zai ɗauki ƙwarya ya tsaya a ƙofar baƙi? Ga shi kuwa an ce kogin ya kusa, a bakinsa akwai gari mai kasuwa. Hannunsa yana bakin burgamin, bai shiga ba, bai janye ba.

Tanoma ta ga hannun. Shekarun da suka yi tare sun isa ta karanta shi.

Ta ce, "Bar shi, Maigida. Iri ne, ni ma na sani. Kwaɗayi ne kawai irin na marar lafiya."

Ya ji sanyi a ransa, gama maganar da yake so ya ji ke nan. Ya ja igiyar ya ƙulle.

Ya ce, "Gobe war haka muna bakin kogi. A can zan samo miki, ko da rigata zan bayar."

Tsohuwar ta dube shi, ta yi tsaki, ta koma wurin jikokinta.

Gari ya waye suka yi tafiya har rana ta faɗi, ba kogi. Kashegari ma ba kogi. Wanda ya ce ya kusa, da idon mai doki ya auna. Tanoma ba ta ƙara ambaton kunu ba. Ba ta ƙara ambaton kome ba ma, sai dai in ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi.

Ran nan da hantsi yana tafe da ita a baya, sai ya ga fararen tsuntsaye sun gifta ta sama. Ya ce, "Tanoma, kin ga tsuntsayen ruwa? Mun iso." Ya ci gaba da yi mata hira, yana faɗa mata irin gonar da zai sare, da ɗakin da zai gina mata mai fuskantar gabas don ta riƙa tuna gida. Ya ji kamar ta ƙara nauyi, amma ya ce gajiyarsa ce. Tsohuwar nan ce, da take biye da su, ta ga hannun Tanoma ya saki kafaɗarsa yana lilo.

Ta ce, "Sauke ta, ɗana. Sauke ta haka nan."

Da fartanyar da ya ɗauko don noman yamma, da ita ya haƙa kabarin matarsa a gefen hanya. Maza suka taya shi jera duwatsu, suka ɗora ƙaya saboda kuraye. Ba a zauna makoki ba, gama ayarin mayunwata ba ya jira. Kafin la'asar ta yi sanyi suka hango kogin yana ƙyalli.

Manomin bai yi kuka ba. Ya dai ƙara matse burgamin a ƙirjinsa. Da can yana tsaron irin ne saboda gobe. Yanzu kuwa ya zama dole irin nan ya yi albarka irin wadda ba a taɓa gani ba, domin in bai yi ba, akwai wata tambaya da take jiransa, shi kuwa ba ya so su haɗu.

Suka haye kogin, suka ƙara tafiya mai nisa. Ƙasa ta sake. Itatuwa suka yi tsawo har suka rufe sama, harshen mutane ya zama wanda ba ya ji. Ayarin ya watse, kowa ya nufi inda ya ji yana da dangi ko ɗan gari. Shi kuwa ya sauka a gidan wani tsoho, mutumin ƙasarsu, wanda ya zo yamma tun yana saurayi har furfura ta same shi a can.

Tsohon ya karɓe shi hannu bibbiyu. Da ya huta ya murmure, sai ya kai shi wurin masu ƙasa, aka nuna masa fili. Ya kuma nuna masa tarin irin doya da karan rogo a bayan gida, ya ce ya ɗiba iyakar abin da zai iya shukawa, haka ake yi wa kowane baƙo a nan.

Manomin ya ce, "Na gode, Baba, amma na zo da nawa." Ya kwance burgamin.

Tsohon ya tsoma hannu, ya ɗebo, ya hure tokar, ya kai hanci. Idonsa ya cika da ƙwalla, don ya daɗe rabonsa da geron gida.

Ya ce, "Ɗana, kawo a daka mana mu sha fura, mu tuna iyayenmu. Ƙasar nan ba ta gero ba ce. Ni ma da nawa na zo."

Ran manomin ya ɓaci. Ya ce, "Wannan ba irin kowa ba ne, Baba. Ba ka san abin da ya ci kafin ya iso nan ba."

Tsohon bai gane ba, bai kuwa matsa ba.

Ruwa ya sauka, manomin ya shuka geronsa duka. Sai ga shi ya tsiro, ya yi kore shar, ya miƙe da sauri irin wanda bai taɓa gani ba a jigawar ubansa. Karan ya wuce tsawon mutum, ya wuce rufin ɗaki. Mutanen ƙasar suna tsayawa a hanya suna kallon baƙuwar shuka. Shi kuwa yakan zaga gonar shi kaɗai, yana cewa a ransa, ai ga shi, ai na faɗa.

Amma gero ɗan rana ne. A gida, lokacin da ya fid da kai, ruwa yana ja da baya, rana ta fito ta ƙosar da tsabar. A nan kuwa lokacin ne ruwan ya ɗaura ɗamara. Aka yi ta zubawa safe da yamma, sama ba ta washe ba. Zangarniyar ta jiƙe ba ta bushe ba, ta yi funfuna, ta yi baƙi. Dogayen karan suka kwanta bisa juna a cikin caɓi. Manomin ya tsinko kai guda ya murza a tafinsa, abin da ya fito baƙin laka ne mai wari. Ya murza wani, ya murza wani. Duk gonar bai sami abin da zai ƙosar da ɗan tsako ba.

A can tsohon ya same shi, zaune cikin ruɓaɓɓen kara, ruwa yana dukansa.

Ya ce, "Tashi, ɗana. Shuka ce, baɗi ma shekara ce. Ga doya a gida."

Manomin ya ɗaga baƙaƙen hannuwansa, ya haɗa su kamar mai ɗiban abu.

Ya ce, "Tafi biyu, Baba. Tafi biyu kaɗai aka roƙe ni."

Sai kukan da ya ƙi zuwa a bakin hanya ya zo. Ya faɗa wa tsohon labarin tsamiyar da fa, da matar da ta ce a bar shi. Tsohon ya tattara rigarsa, ya zauna kusa da shi a cikin lakar.

Mutumin nan ya zauna a yamma har ƙarshen ransa. Ya koyi noman doya, bai ƙara kwana da yunwa ba. Sau da yawa ya yi niyyar komawa ya ga kabarin, amma hanyar da nisa, tarin duwatsu a gefenta kuwa ba ɗaya ba ne, ba goma ba. Ko da ya koma, ba zai san wanne ne nata ba.

To, 'yan'uwa, ma'anar misalin nan ba a ɓoye take ba. Tafiyar ita ce zamanmu a duniya, gama dukanmu baƙi ne, muna kan hanya zuwa inda ba mu taɓa gani ba. Irin da ke cikin burgamin shi ne abin kirkin da kowannenmu ya ƙulle saboda gobe. Na wani ajiya ce, na wani lokacinsa ne, na wani kuwa sunan da ya yi a gari na mutumin da ba ya karya ƙa'ida.

Kada wani ya koma gida ya ce an faɗa a majami'a a dake iri a sha fura. Ban ce haka ba, na ga wasunku har sun fara murmushi. Tanadi abu ne mai kyau, Allah ba ya son sakaci. Laifin manomin nan shi ne ya manta dalilin iri. Ana adana shi ne don mai rai ya ci ya rayu. Shi kuwa ya tsare abincin, ya binne mai cinsa.

Ban kuma ce kunun zai tashe ta ba. Wannan sanin na Allah ne. Watakila da ta sha ta kai bakin kogi, watakila da ba ta kai ba. Amma da ta tafi da ɗumin kunu a cikinta, tana sane cewa a wurin mijinta ta fi burgami. Wannan kam yana hannunsa, ya kuwa hana.

Ku lura da abin da ya tarar a yamma. Goben da ya yi ta tsoro, Allah ya riga shi isa can. Akwai fili, akwai masauki, akwai abin shuka a tare a bayan gida yana jiransa, ba wanda ya ce ya biya. Abin da ya sha wahalar ɗauka kuwa, ƙasar ba ta bukatarsa. Haka yake ga yawancin abin da muke ƙanƙamewa. Muna auna gobe da mudun jiya, alhali Ubanmu na sama ne kaɗai ya san irin ƙasar da zai kai mu. Ubangijinmu Yesu bai ƙulle ransa ya ce sai gobe ba. Ya same mu kwance a gefen hanya, ya ba da shi duka.

Abin da ya fi ba ni baƙin ciki a misalin nan shi ne maganar Tanoma. Masu ƙaunarmu ba sa roƙo sau biyu. In suka ga hannunka ya tsaya a bakin burgami, su ne za su ce ka bar shi, don su rage maka nauyi, kai kuma ka ɗauka sun yafe bukatar. Akwai tsohuwa a ƙauye wadda ɗanta ya tafi neman abinci wata ƙasa, kullum yana cewa sai ya gama gini zai zo, ita kuma tana cewa ba kome, Allah ya taimaka. Akwai baƙin da tashin hankali ko yunwa ta koro zuwa garin nan da kaya a ka, suna zaune a bencin baya, in ka gaishe su sai su ce lafiya lau. Akwai mai kwana ɗaki ɗaya da kai, wadda ta taɓa faɗa maka abu sau ɗaya, a hankali, ka ce gobe, ba ta kuwa sake tayar da maganar ba.

Ba ta manta ba. Kai ma ba ka manta ba, tun da na fara maganar nan ka san ko wace ce. In an tashi, kada ka tsaya dogon gaishe-gaishe a bakin ƙofa. Je ka same ta tun tana iya haɗiya.